Karen Bana: Haƙƙin da ke Wuyan Mai Kiwon 'Yan Kwikwiyo a Kudancin Kano

Idan hunturu ya kankama a ƙasar Riruwai, sanyin da ke gangarowa daga duwatsu kan sa kowace halitta neman mafaka, har da karya mai tsohon ciki. Takan laɓe a ƙarƙashin rumbu ko bayan tarin kara, ta haihu a can ba tare da kowa ya sani ba. Yaran gida ne kan fara jin kukan 'ya'yan. Kafin a yi mako uku kowane kwikwiyo ya sami mai shi: wannan na maharbin ƙauyen gaba ne, wancan na makiyayi, mai farin wuyan kuwa ɗan autan gida ya riga ya ce nasa ne. Ba a riƙe ranar haihuwa ba, ba a kuma yi zancen allura ba.

Wannan abu ne da ke faruwa kowace shekara daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, kuma ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Alhali kuwa makonni goma sha biyun farko na rayuwar kwikwiyo su ne wuri mafi sauƙi da arha da za a iya tare ciwon haukan kare kafin ya isa jikin mutum. Wanda karyarsa ta haihu a gidansa, ko maharbi ne, ko manomi, ko ma'aikacin gwamnati mai kiwon karnukan Turawa don sha'awa, yana riƙe da wani yanki na lafiyar jama'a a hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ana kiwo, ana musu

Matsalar farko ita ce ƙasar Hausa na kiwon kare tana kuma kawar da kai daga gare shi. A baki, kare abin zagi ne. A aikace kuwa, shi ke gadin gona da garke, shi ke bin maharbi daji. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos, wadda ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Saminaka, ya san motocin 'yan farauta da rani, maƙare da mutane da karnuka. Ya kuma san cewa ana safarar karnuka daga Arewa zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kare a Najeriya. Binciken likitocin dabbobi a ƙasar nan ya sha gano ƙwayar cutar hauka a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni, alhali a ido lafiyarsu lau.

Ma'ana, karen kudancin Kano matafiyi ne. Yana shiga daji ya haɗu da dila da yanyawa, yana cuɗanya da karnukan wasu garuruwa a wurin farauta, sannan ya dawo tsakar gida inda yara ke wasa. Amma saboda an ɗauke shi abin da mai mutunci ba ya tattaunawa, ba ya cikin lissafin kowa. Ana gangamin rigakafin shanu da tumaki da awaki, makiyaya na fitowa da garkunansu domin sun san darajarsu. Kare kuwa ba dukiya ba ne a idon mutane, don haka ba a cika tunawa da shi ba sai ya yi cizo.

Makonni takwas a gindin uwa

Kafin zancen allura, akwai zancen rayuwa. Karya na ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. Ana haifar kwikwiyo ido rufe, kunne rufe. Idon kan buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14, ji kuma ya biyo baya. A wannan lokacin ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ba ya ma iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe shi. Likitocin dabbobi na ba da shawarar wurin kwanciyarsa ya kasance da ɗumin digiri 29 zuwa 32 a makon farko, daren hunturu kuwa a ƙasar Kano kan sauka ƙasa da digiri 15. Shi ya sa sanyi ke cikin manyan abubuwan da ke kashe jariran kwikwiyo, musamman idan uwar ta fita neman abinci ta daɗe. Maganin ba mai tsada ba ne: kwali ko tsohon kwando a kusurwar da iska ba ta bugawa, buhun algarara busasshe a shimfiɗe, da kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma. Kwikwiyon da ya sandare da sanyi ɗumama shi ake fara yi a hankali kafin a ba shi nono, domin cikinsa ba ya narkar da komai a wannan hali.

Abu na biyu shi ne dakashi, wato nonon farko. A cikinsa ne uwa ke miƙa wa ɗanta garkuwar jikinta, kuma hanjin kwikwiyo na iya karɓar wannan garkuwa ne kawai a kusan yinin farko. Wanda bai sha ba a lokacin ya shiga duniya tsirara. Mai lura zai tabbatar kowane ɗa ya kama nono, har da ƙaramin da 'yan uwansa ke turewa. Alamar lafiya a bayyane take: kwikwiyon da ke ƙoshi barci yake yi, nauyinsa kuma kan ninka cikin kwana goma ko kusa da haka. Wanda ke kuka ba ƙaƙƙautawa, ko yunwa yake ji ko sanyi.

Mutane da yawa kan yi kuskure cikin kyakkyawar niyya, su ɗura wa kwikwiyo nonon saniya ko madarar gwangwani. Nonon karya ya fi na saniya maiƙo da sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, sukarin madara kuma ya fi yawa a na saniya, don haka abin da kan biyo baya shi ne gudawa. Hanya mafi inganci ta ciyar da 'ya'yan ita ce ciyar da uwar. Karya mai shayarwa na buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincin da ta saba ci, kuma ƙanzo da ragowar tuwo kaɗai ba sa isar ta. Garin busasshen kifi, dafaffen ƙwai, dafaffen waken suya da ruwan sha mai tsabta kullum za su yi aiki. A kiyayi ragowar miya mai yawan albasa, domin albasa na lalata jinin kare.

Abu na uku tsutsar ciki ce. Akwai nau'in da ke ratsawa daga uwa zuwa ɗa tun yana cikin mahaifa, akwai kuma mai bi ta nono. Shi ya sa ake ganin kwikwiyo da ƙaton ciki da siraran ƙafafu. Ƙa'ida ita ce a ba da maganin tsutsa a mako na 2, na 4, na 6 da na 8, a haɗa da uwar. Wannan ma ya shafi mutane kai tsaye: ƙwan tsutsar na zama a ƙasar tsakar gida, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki, tsutsar kuma na iya yawo a jikinsa har ta taɓa hanta ko ido. Kwashe kashin kare kullum da safe aikin kare lafiyar yara ne.

Haƙora kan fara fitowa a mako na uku, daga nan a fara haɗa masa da abinci mai ruwa-ruwa, a kammala yaye a mako na bakwai zuwa na takwas. A nan ne al'ada ta fi saɓa wa ilimi. Akan ɗauke kwikwiyo yana da mako uku ko huɗu, wai don ya saba da sabon ubangidansa. John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin ɗabi'ar karnuka a Bar Harbor ta Amurka suka kuma wallafa sakamakonsu a 1965, sun nuna cewa tsakanin mako na 3 zuwa na 12 ne kare ke koyon zama da 'yan uwansa da kuma mutane. A wasa da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo. A hannun mutane masu tausayi yake koyon cewa mutum ba abin tsoro ba ne. Kwikwiyon da aka raba da uwarsa da wuri, yara suka yi ta jifa da jan wutsiyarsa, shi ne ke girma ya zama matsoraci mai saurin kai baki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allurar mako na goma sha biyu

Daga mako na 6 zuwa na 8 garkuwar da kwikwiyo ya samu daga dakashi kan fara raguwa, sai a fara allurar cututtukan karnuka, a riƙa maimaitawa har zuwa mako na 16. Mafi muni a cikinsu ita ce fabo, cutar da ta ɓulla a duniya a 1978, mai haddasa amai da gudawar jini, wadda kan share 'ya'yan ciki guda cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma ta yi watanni a ƙasa tana jiran na gaba. Wannan asarar mai kare ce shi kaɗai. Wadda ta shafi kowa ita ce allurar ciwon hauka, da ake yi idan kwikwiyo ya cika mako 12.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duk masu kamuwa, har kashi 99 cikin ɗari, daga kare suke samu, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na shiga ta miyau, ta bi jijiya sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Kafin ta isa, allura na iya tare ta. Da zarar alamu sun bayyana, wato firgita, ruɗewa da tsoron ruwa, kusan babu mai tashi.

Wannan jinkiri shi ke ɓatar da sawun cutar. Lokacin da yaro ya fara fizge-fizge, raunin ya daɗe da warkewa, an manta da karen, sai a ce iskoki ne ko zazzaɓin da ya hau kai. Ko a asibiti akan yi kuskuren: wani bincike a Blantyre ta ƙasar Malawi ya gano cewa wasu yaran da aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ne ya kashe su, ashe ciwon haukan kare ne. Kwikwiyo kuma ya fi babban kare haɗari ta wata fuska, domin shi ne yara ke runguma, shi ne kuma ba a ɗaukar cizonsa ko yaƙushinsa da muhimmanci. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da gudu yana dalalar da miyau ba. Wani kwantawa yake yi shiru, muƙamuƙinsa a sake kamar ƙashi ya maƙale masa, mai tausayi ya zura hannu don ya cire.

Idan cizo ya auku, abin yi na farko shi ne wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar don fara allura, a kuma kammala adadin da likita ya tsara. Ƙona gashin karen a shafa a rauni ba ya kashe ƙwayar cuta, yana cinye lokaci ne kawai. Idan an san karen, a killace shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura.

Lissafin kashi saba'in

Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Masu nazarin annoba sun iso ga irin wannan magana ta hanyar lissafi. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar kan rasa inda za ta taka, ta mutu da kanta. An gwada wannan a garuruwan da ke kewaye da dajin Serengeti na Tanzaniya. An gwada a birnin Injamena na Chadi a 2012 da 2013, inda gangamin allura kyauta ya kai wannan adadi, cutar kuma ta ɓace daga karnukan birnin na tsawon watanni. Meziko ta bi hanyar shekara da shekaru, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da ciwon hauka mai zuwa daga kare a matsayin matsalar lafiyar jama'a.

Sai dai kashi 70 ba ya tsayawa wuri guda. Karnukan karkara ba su cika tsufa ba: cuta, mota, guba da farauta na ɗauke su, karya kuma na haihuwa sau ɗaya ko biyu a shekara. Kowane sabon ciki na rage yawan masu garkuwa. Garin da ya yi wa karnukansa allura bara ya manta da 'yan kwikwiyon bana ya koma gidan jiya. Saboda haka ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar cewa, a ƙasashen da cutar ta yi katutu, a haɗa har da ƙananan da ba su kai wata uku ba a lokacin gangami. Mai kiwo shi ne kaɗai ya san ranar da aka haifi kwikwiyo da gidan da aka kai shi. Babu jami'in gwamnati da zai iya maye gurbinsa a nan.

Abin da za a ce, da amsarsa

Wani zai ce addini bai ƙarfafa ajiye kare ba, don haka kula da shi ɓata lokaci ne. Gaskiya ne hadisai sun yi gargaɗi game da ajiye kare ba dalili, amma sun keɓe na farauta da na kiwo da na gona, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne. Risalar Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan malamai, ta kawo hanin sayar da kare tare da ambaton saɓani game da wanda aka yi izinin ajiyewa, kuma an san Sahnun na cikin waɗanda suka halatta sayar da irin wannan. Hukunci na malamai ne. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne wanda ya ajiye dabba ya ɗauki nauyinta, kuma cutar da maƙwabci haramun ne. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ba baƙo ba ne ga kowane ɗalibi.

Wani zai ce talaucin da ake ciki bai bar wurin allurar kare ba. Lissafi bai goyi bayansa ba. Allurar kare guda ce a shekara, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na mutum ba, wanda ke buƙatar zuwa asibiti aƙalla sau uku, ga kuɗin mota daga ƙauye, ga ranakun aiki da za a rasa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, ta daɗe tana haɗa allurar haukan kare a cikin gida. Wahalar ita ce kai ta ƙauye da sanyinta, domin zafi na kashe ƙarfinta. Kano kuwa ta riga ta koyi wannan aiki a yaƙin da ta yi da shan inna, wanda ya kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka a watan Agusta na 2020. Akwatunan sanyi, masu bi gida gida, da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka shawo kan jama'a, duk an san yadda suke aiki.

Wani kuma zai ce a kashe karnukan a huta. An gwada hakan a ƙasashe da dama bai yi aiki ba. Gurbin da aka buɗe sababbin haihuwa ne ke cike shi, marasa garkuwa, kuma guba ba ta tantance wanda aka yi wa allura. Masu karnuka kan ɓoye su ko su tsallaka da su wani gari, su tafi da cutar.

Wa zai yi me

Nauyin mai kiwo bai wuce abu huɗu ba. Ya yi wa uwar allura kafin barbara. Ya riƙe 'ya'yan har mako takwas, da ɗumi da abinci da maganin tsutsa. Ya rubuta ranar haihuwa da sunan wanda ya karɓi kowane ɗa, ya kuma tabbatar an yi allurar mako na 12, ko a hannunsa ko a hannun sabon mai shi. Sannan kada ya bar karya ta ɗauki cikin da bai san inda zai kai 'ya'yansa ba. Killace ta a lokacin barbara, ko kai ta asibitin dabbobi a yi mata aikin hana haihuwa, ya fi zubar da 'yan kwikwiyo a bakin kwari, inda waɗanda suka rayu ke zama karnukan da ba su da ubangida.

Nauyin hukuma shi ne ta daina jira a asibitin dabbobi na hedikwata. Ƙananan hukumomin Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji na iya tsayar da ranar allurar karnuka kyauta bayan girbi, kafin farauta ta kankama, a ƙofar gidan Sarkin Baka da ta dagaci, a kuma ba da kati ko abin wuya ga kowane karen da aka yi wa. Maharba ƙungiya gare su, da shugabanni da ake jin maganarsu. Idan Sarkin Baka ya ce karen da ba shi da kati ba ya hawa mota, maganar ta zauna. Ya kamata kuma allurar mutane ta kasance a manyan asibitocin yankin a kowane lokaci, don kada uban yaron da aka ciza a Riruwai ya tsaya yana auna kuɗin motar Kano da girman raunin.

A 2015 ne hukumomin duniya suka sa wa kansu burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta kafin 2030, kuma kowace ranar 28 ga Satumba ana tunawa da ita, ranar da Louis Pasteur ya rasu, mutumin da ya fara ceton yaro da allurar a 1885. Shekara 140 ke nan da samun maganin. Abin da ya rage ba a ɗakin bincike yake ba. Yana ƙarƙashin rumbu a wani gida a ƙasar Doguwa, ido rufe, yana laluben nono, kuma yana da makonni goma sha biyu kafin a san ko mai gidan ya sauke haƙƙinsa.